Masu Jini

Gafakar Baba ƙamshi gare ta nata na kanta, na jima da man shanu da tsohuwar takarda, in an kwance igiyar kuma sai na tawada ya biyo baya, tawadar da Inna ke dafa masa da bagaruwa da ƙaro a wani ɗan kasko da ba a yarda a sa masa komai ba sai ita. Risala ce a ciki, da Tuhufa, da guntayen takardu masu ajami da yake saƙalewa tsakanin ganyaye, da alƙaluman kara da ya feƙe da askarsa. Ran Alhamis, da yake babu makarantar allo, ni nake rataya ta in bi shi a baya zuwa kotu, ina taka inda ya taka, ina jin duk garin ni ake kallo. Muhuti ne shi a wurin alƙalin gunduma. Ni kuwa a ganina shi ne shari'ar ɗungurungum.

Soron kotun sanyi gare shi ko da bazara. Daɓe a ƙasa ya yi sulɓi don zama, a sama azara da jemagu, ga buzun alƙali a kan ɗan tudu da shantalinsa a gefe, ga ɗan doka a bakin ƙofa da jar dara da kulki, yana hamma yana korar ƙuda. Mutum ya tuɓe takalmi a waje, ya shigo ya durƙusa, ya ce "Allah gafarta Malam," sannan ya faro zance tun daga kakansa kafin ya iso kan akuyar da ta shiga masa gona. Yawanci abin da ake yi ke nan, ɓarna da bashi da rabon gado da ushirarsa, ko mace ta zo neman a raba ta da miji, sadakinsa a ƙulle a haɓar zane. In magana ta kai ga rantsuwa sai a ce wa mutum ya fita ya yi alwala, kuma na sha ganin ƙato ya fita da ƙarfinsa, ya tsuguna gaban tulu, ya wanke hannu, ya kurkure baki, sai ya tsaya da ruwa a tafinsa yana kallon ƙasa. Ya dawo ya ce a bar Alƙur'ani inda yake, zai biya.

Amma yaron nan da nake tunawa, wato ni a lokacin, ba wannan yake jira ba. Bulala yake jira. Ya san iri-irinta tun bai san ƙarshen izu ɗaya ba: akwai ta haddi da ake yi wa mashayi, wadda mai dukan zai matse wuri a hammatarsa, in wuri ya faɗi to ya ɗaga hannu fiye da kima, don kunyatawa ake nufi ba rauni ba; akwai kuma ta ɓarawo, ran kasuwa, a fili, wadda ake jin ƙararta tun daga rumfar mahauta. Yaron zai sayi gyaɗar anini, ya haye tsamiya, ya riƙa ƙirgawa da ƙarfi tare da ɗan doka, in an gama kuma ransa ya ɗan sosu don an gama. Dattawa a ƙasa suna gyaɗa kai suna cewa gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, alhali ɓarawon akuyar da ake duka fuskarsa ba baƙuwa ba ce a filin, ya sha zuwa. Ina mamakin yaron nan. Shi ne fa wanda ke ɓuya bayan rumbu yana kuka ran Layya in an kayar da rago.

Ba kowace Alhamis nake son tunawa ba. Akwai ranakun da ake kawo 'yan NEPU, tela ko mai gyaran keke, don sun yi taro babu izini ko an ce sun ambaci sunan hakimi gatsal, a yanke musu wata uku kafin shantalin alƙali ya huce. Ran irin wannan Baba ba ya bari in ɗauki gafaka a komowa. Shi yake riƙe abarsa, ya yi gaba, ba ya amsa gaisuwa sosai, in ya shiga gida kuma ya ce wa Inna ba ya jin cin tuwo.

Daminar shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna aka yi mata hawan daba, 1956 ke nan, aka kashe ɗan Baffa. Yayanmu ne, babban jikan gidan, shi yake ɗora ni a wuya in za mu tsallake rafi, shi yake gasa mana fara a bakin gona ya barbaɗa mata gishiri daga wani ɗan ƙullin tsumma da ba ya rabuwa da shi. An riga an sa masa rana, bayan kaka, lefensa ma na kaba yana rataye a ɗakin uwarsa Iya da turmi da ɗan kwali a ciki. Sanadin kuwa iyakar gona ce, layin gamba da ya raba tamu da ta wani maƙwabci, wanda garma ke ɗan ci kowace shekara, bana kunya ɗaya baɗi kunya biyu. Ran maimai magana ta haɗa su, baƙar magana ta fito, mutumin ya ɗaga ƙotar fartanya. Sau ɗaya. Kafin a iso da Yaya gida a kan ƙyauren kara rai ya yi halinsa.

Mutumin bai gudu ba. Da ƙafarsa ya tafi ƙofar dagaci, ya ajiye fartanyar a gabansa, ya zauna a rana har 'yan doka suka zo suka tafi da shi gidan waƙafi, daga nan sai birni.

Ɗan fari ne, saboda haka Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, "wancan" take cewa, ko "mutumin nan," ko ta aiki ɗayanmu ya kira mata shi yana zaune kusa da ita. Kunyar da ta hana ta kiransa ita ta hana ta kuka gaban mutane. Matan unguwa sun taru dakan gumbar sadakar uku, sai ta tashi ta karɓe taɓarya daga hannun wata, ta shiga daka ita kaɗai, babu luguɗe babu waƙa, dum, dum, dum, har gero ya wuce gumba ya zama gari, ba wanda ya iya ce mata ya isa. Har yau in na ji daka da dare sai in tsaya in saurara ko hannu ɗaya ne.

Ni kuwa jini nake so. Na samu wata ƙusa na dake ta da dutse, na wasa ta a bakin rijiya, na ɓoye ƙarƙashin tabarmata, ban san ma abin da zan yi da ita ba. Na jefi awakin gidan mutumin. Ɗansa, wanda muke zuwa itacen makaranta tare muke raba ɗanyar goruba, na daina zama kusa da shi a bakin wutar karatu, shi ma ya ja allonsa ya koma can inda haske ba ya kaiwa. Ƙannen Yaya biyu, samari majiya ƙarfi, su ba ƙusa suke wasawa ba. Sai da Baffa ya sa aka kwaso baka da kwari na gidan duka aka zuba a ɗakinsa ya kwanta a bakin ƙofa. Abin da ya riƙe su kalma ɗaya ce: a jira shari'a. Da babu inda za a je a jira, na san abin da zai faru a wannan damina, kuma da ba a tsaya a gawa biyu ba.

Daga nan sai zaure ya cika da masu ban baki. Liman ya zo, dagaci ya zo, yayyen mutumin suka zo da ƙwaryar goro a lulluɓe da jiƙaƙƙen algarara, suka zube a ƙasa suna "Don Allah don Annabi." Baffa zai saurara har su gama, idonsa a kan yatsun ƙafarsa, ya ce "Na ji, Allah ya ba da lada," shi ke nan. Bai taɓa goron ba, bai kuma mayar ba, a nan ya bushe ya yi baƙi a kusurwa. Gari ya fara cewa tsoho ya ƙeƙashe. Ni kuwa daɗi nake ji.

Wani dare bayan lisha, fitilar aci-balbal tana ci tana warin man gyaɗa, ni ina kwance a lungun zaure na rufe ido an ɗauka barci nake, sai na ji Baffa ya ce wa Baba, "Muhuti, ɗauko littafin nan naka ka gaya mini abin da aka ba ni."

Na ji kwancewar igiyar gafaka da motsin takarda, ko da yake Baba ba ya bukatar dubawa. Ya ce, "Yaya, uku ne. Tunda bai bar ɗa ba, kai ne mai jini. In ka so kisasi, haƙƙinka ne. In ka so sulhu a kan diyya, su ma suka yarda, ya halatta, lissafinta a littafi raƙumi 100 ne, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, amma abin da kuka daidaita a kai shi ne. In kuma ka yafe, ka yafe." Ya ce ko an yafe hukuma tana da nata rabon, bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Ya ce da kisan gilla ne, irin wanda ake yaudarar mutum a kai shi daji don abin hannunsa, da babu wanda yafewarsa za ta yi aiki, ko uba ko ɗa. Ya ce da mutumin ya yi musu, da sai an nemi rantsuwa 50 daga mazan gidanmu. Sannan ya sassauta murya ya ce akwai Turawa a bayan duk wannan, takardar kisa sai ta je Kaduna Gwamna ya sa hannu, kuma tun shari'ar Tsoho Gubba ta ƙasar Gwandu a 1947, da kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisa don a dokarsu wanda aka tunzura ba a kashe shi, alƙalai suke taka-tsantsan da irin wannan.

Baffa ya katse shi. "Ban tambaye ka Turawa ba. Nawa ne ko ba nawa ba ne?"

"Naka ne, Yaya."

"To."

A daren na ji minsharinsa, abin da ba a ji ba tun ran maimai.

Sai da aka yi girbi sammaci ya zo. Baffa ya buɗe adaka ya fito da rigarsa ta saƙi mai warin kafur, wadda ba ya sawa sai Salla, suka hau motar 'yan gyaɗa shi da Baba suka nufi birni, don maganar rai ta fi ƙarfin alƙalin gunduma, sai majalisar Sarki. Ba a tafi da ni ba. Abin da na sani na tsince shi ne ta bayan zana, daren da suka dawo, Baba yana ba Inna labari tana fifita masa kunu, kuma na juya shi a kaina shekara da shekaru har ya zama ina ganin jan da koren rigunan dogarai da idona, ina jin sanyin soron da ban taɓa shiga ba.

An shigo da mutumin da mari a ƙafa, ƙarfe yana jan ƙasa, ya rame har Baba bai shaida shi ba da farko. Ya sake amsa laifinsa bai rage komai ba. Malaman majalisa suka yi maganarsu, aka ce kisasi ya tabbata. Sannan aka juyo ga Baffa aka ce, "Kai ne uban mamaci?" Ya ce shi ne. Aka ce, "Wa aka kashe maka? Faɗi sunansa a rubuta." Baba ya ce ya yunƙura zai faɗa a madadinsa, wani dogari ya ɗaga masa hannu. Baffa ya daɗe shiru, tsoho mai furfura durƙushe gaban Sarki, bakinsa yana motsi. Sannan ya faɗa, da ƙarfi, har da sunan kakan da aka mai wa yaron. A nan Baba ya ajiye ludayi ya ce wa Inna, "Yau na ji Yaya ya kira sunan ɗansa."

Aka ce masa me yake nema. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in na ce a kashe shi, haƙƙina ne?" Aka ce haƙƙinsa ne. Ya juya ya dubi mutumin, duba mai tsawo, irin wanda bai yi masa ba tun suna samari suna gayya tare. Ya ce, "To na bar shi da ransa. Ba na son ko anini. Sai dai a mai da iyaka inda take."

Yaron da ke bayan zana ya koma tabarmarsa ya yi kukan baƙin ciki, ya ɗauka an ci gidansu da yaƙi. Sai da furfura ta fara fito mini nake ta komawa kan watannin nan da Baffa ya yi yana sallamar masu goro. Abin da suke roƙonsa ya bayar, a lokacin ba a ba shi ba tukuna. Da ya ce ya yafe a zaure, gaban dagaci, da an ce tsoho ya ji nauyin manya, ko ya ga ba shi da yadda zai yi, kuma da sunan Yaya ya bi ruwan damina. Shi so yake a faɗa a inda babu wanda zai musa, a rubuta, cewa yaron nan mai ƙullin gishiri ransa ya kai ran magidanci, kuma wanda ya ɗauke shi nasa ran yana hannun uban yaron. Da aka faɗa, aka danƙa masa, sai ya tarar ba ya bukatar gawa. Ban ce kowane uba haka zai tarar ba. Akwai waɗanda suka ce a kashe, kuma littafin Baba bai kira su azzalumai ba.

Iya dai ba wanda ya tambaye ta. Baffa ya yafe jini, ita ba ta yafe komai ba, ba ta kuma ɓoye ba. Lefen nan na kaba ya zauna a rataye har gara ta ci gindinsa. Mutumin ya sha bulalarsa, ya yi shekararsa a gidan Yari yana yankan ciyawar dawakai, ya dawo gari da wata damina, kansa a sunkuye. Tun daga kakar shekarar, duk girbi sai a wayi gari a ga damin gero jingine a ƙofar gidanmu, ba sallama ba aike, kuma duk girbi Iya za ta leƙo ta ce wa almajirai su ɗauke, ba ta yarda ko zangarniya ɗaya ta shiga rumbunta ba. Shi bai fasa kawowa ba, ita ba ta fasa korarwa ba, har ƙasa ta rufe idonta.

Baba ya ce in Di'o ya zo duba littafin kotu ya ga irin wannan hukunci sai ya girgiza kai, rai guda a shekara guda, abin ba ya shiga lissafinsa. Ni ma a lokacin bai shiga nawa ba. Amma Di'o ba ya sallar Juma'a a garinmu, bai ga inda mutumin ke tsayawa ba, can sahun baya wajen takalma, bai san ya sake hanyar gonarsa yana zagaye ta bayan maƙabarta don kada ya bi ta ƙofarmu ba. Ba a sake miƙa masa wuƙa ya yanka ko kaza a taro ba, ba a sake kiransa shaidar ɗaurin aure ba. An bar shi ya yi noma, ya ci da 'ya'yansa, ya yi gaisuwar mutuwa daga nesa. A haka ya tsufa.

Shekara biyu bayan shari'ar nan aka ce Sardauna ya tara masana, har da babban jojin Sudan, Abu Rannat, su duba dokokin Arewa, kafin ka ce kwabo sai ga sabuwar dokar laifuffuka ta fara aiki a 1960. Aka kira su Baba kwas a Kongo, Zariya, ya dawo da littafi bugun inji mai warin gam, wanda bai shiga gafaka ba sai da aka lanƙwasa shi. Na ga yana bin sa da yatsa a fitilar ƙwai, sashe na 221 kisan da hukuncinsa kisa ne, sashe na 222 inda aka tunzura mutum, bakinsa yana haɗa baƙaƙen boko a hankali. An bar wata 'yar kafa, wai kotun gargajiya ta kira dangin mamaci ta ji ra'ayinsu ta rubuta, amma ra'ayi ne kawai. Baffa ya tambaye shi me ke cikin sabon littafin. Ya ce, "Yaya, yanzu jinin na gwamnati ne." Zuwa 1968 kuma an rufe kotunan sarakuna, na alƙalai sun koma kotunan yanki, gidan Yari ya koma hannun tarayya, daga bisani jar darar 'yan doka ta ɓace daga ƙofar soro. Baba ya rataye gafakarsa.

Ina koyarwa a firamare aka yi dokar soja ta 1970 a kan 'yan fashi da makami, aka fara harbi a bainar jama'a. Mun ga hoton Oyenusi a jarida, wanda aka harbe a bakin teku a Ikko a 1971, yana murmushi a ɗaure. Da aka yi shela a rediyo cewa za a yi a babban birnin jiharmu, sai ga yaron tsamiyar nan ya farka a jikin malamin makaranta mai aure, ya goge kekensa ya hau. Filin ya cika tun hantsi. Masu rake da dafaffiyar gyaɗa suna ciniki, mata da goyo, yara a kan katanga, ga durom-durom cike da yashi an jera, ga turaku a gabansu, ƙura da warin zufa da na igiyar rama sabuwa. Wani hafsa ya karanta laifuffukan a lasifika mai ƙara, ana jin sunayen waɗanda za a harbe ana ihu, sunan wanda suka tare a hanya kuwa iska ta tafi da shi. Na tambayi na kusa da ni ko dangin mamacin suna nan. Ya ce wane mamaci?

Ƙarar ba ta kai yadda na zata ba. Hayaƙi ya tashi, likita ya bi su ɗaya-ɗaya, mutane suka watse kamar an tashi daga kallon dambe, ana gardamar wanda ya fi taurin rai a cikinsu. Washegari da tara na tarar 'yan ajina sun ɗaure mafi ƙanƙantarsu a jikin dalbejiya da igiyar guga, sun ja layi da karare a kafaɗa, ɗaya yana karanta hukunci da hannu a baki. Fashi kuwa bai tafi ko'ina ba. Shekara 16 bayan Oyenusi aka ɗaure ɗan fashin nan Anini a irin wannan turke.

Ni ba na cikin masu cewa son ramuwa dabbanci ne da ya kamata ilimi ya wanke. Na ga abin da taɓaryar Iya ta yi wa gero, na kuma san zuciyar da aka zalunta tana bin bashi, wanda duk ya ce mata ba ta bi ya ƙara zaluntarta. Abin da ya tsaya mini a wuya a filin nan shi ne ramuwar ba ta da mai ita. Ta kowa ce, ta mai rake da ni da hafsan lasifika, saboda haka babu wanda zai iya cewa ya isa, babu kuma wanda ya koma gida ya yi minshari irin na Baffa.

Da Zamfara ta dawo da shari'ar laifuffuka a 2000, wasu jihohi 11 suka biyo, na nemi kundin na karanta babin kisasi da diyya ina tuna Baba, wanda bai kai lokacin ba. Suna nan a rubuce, har da afuwa, sai dai abin da aka fi ɗoki a kansa a wajen taro hannu ne da bulala. Yanzu kuma fiye da mutum 3,000 ke zaune a gidajen yarin ƙasar nan da hukuncin kisa a wuyansu, gwamnoni ba sa son sa hannu, wajen kashi biyu cikin uku na mazauna ciki ma ba a yanke musu komai ba, masu jini kuwa suna kan benci a bayan kotu suna jin ana ɗaga zama da Turancin da ba a fassara musu.

Baffa ya riga mutumin rasuwa, gamba ta sake tsiro a kan iyakar ta yi kauri, gonakin ma yanzu rabinsu fuloti ne. Shekarun baya, bayan duk tsofaffin sun ƙare girman gida ya faɗo kaina, sai ga manya sun zo da goro da alewa neman auren jikar ƙanena. Yaron malamin asibiti ne, mai ladabi, kowa na yabonsa, yarinyar kuma tana so. Da aka bi asali sai ga shi jikan mutumin ne, ɗan abokin nan nawa na itacen makaranta. Shi bai ma san labarin ba, a birni aka haife shi.

Muka zauna a zauren, yanzu siminti ne da fanka. Aka yi ta magana, wasu na cewa abin da ya wuce ya wuce, wasu na cewa ina za a kai idon Iya. Ƙanena ya juyo ya ce, "Yaya, kai ka san zancen nan fiye da kowa. Ba Baffa ya yafe ba?"

Na ce ya yafe, gaban Sarki ma kuwa. Sannan na ce a mayar musu da goronsu, a ba su haƙuri da kyakkyawan lafazi, kada a faɗa wa yaron dalili. Yarinyar ta yi wata biyu ba ta gaishe ni ba. Daga baya ta auri wani mai shagon taya, suna Gombe da 'ya'yansu, shi kuma yaron na ji an ce ya samu mata a dangin uwarsa.